Sarkin Ɗanɗano a Bakin Bahon Wanke-wanke

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

An yi wani ɗan jarida, aikinsa ya shiga gidan abinci ya ci, ya rubuta ra'ayinsa. Sarkin Ɗanɗano yake kiran kansa, abokan aiki kuwa a bayan ido Tumbi suke ce masa. Kullum yana bugun ƙirji: "Harshen nan nawa in ya ce miya ba ta yi ba, sai mai gida ya nemi wata sana'a."

To, kun san kowa ya san fuskarsa. Da ya shigo sai a tsamo masa tsoka, ya je ya zuba yabo. Masu karatu su garzaya su tarar da ƙashi. Da ƙorafi ya yi yawa, edita ya ce masa in aka ƙara gane shi a gidan abinci, shafinsa ya tafi.

Tumbi ya ce ai ɓad-da-kama gadonsa ne. Ya aske gashin bakinsa, ya ari yagaggiyar rigar ƙanen matarsa, ya saɗaɗa wani sabon gidan abinci ta ƙofar baya.

Uwar kicin na ganinsa ta ce, "Kai ne sabon mai wanke-wanken? Sai yanzu, malalaci?"

In ya faɗi ko shi wane ne, shafi ya tafi. Sai gogan naku ya naɗe hannun riga. Ƙamshin nama na dukan hancinsa, ko loma bai samu ba. Faranti biyu ya fasa, sauran ya bar su da maiƙo.

Ashe edita ya san gidan da zai je, ya zo cin abinci don ya ga yadda za ta kaya. Aka kawo masa shinkafa tana warin sabulu, ya ce a kira masa wanda ya wanke farantin. Aka tiso ƙeyar Tumbi, kumfa har gwiwar hannu.

Tumbi na ganin edita sai ya washe baki. "Ranka ya daɗe, ka gani? Ni ne Sarkin Ɗanɗano, ba wanda ya gane ni!"

Kowa a ɗakin ya juyo.

Edita ya ce, "Yanzu kam an gane ka. Gobe ka kwashe kayanka."

Tumbi ya waiwayi uwar kicin, ido ya raina fata.

Ta ce, "Kada ka kalle ni, bawan Allah. Ni ma na sallame ka."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa baho.