Ranar da Na Yi Gulmar Kaina a Hoshin Hajja Nafisa

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ta Sallah ƙarama ba, ko da yake yanzu sunayen jikokina ma sai na laluba. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban san alif ba. Na ce mata kada ta gyara mini komai, abin kunyar ma ta sa shi yadda yake.

A shekarun da talabijin ta fara shiga gidajen Jidda, maigidana, Allah ya jiƙansa, yana dako a tashar jiragen ruwa. In ya taso yakan tsaya a shagon gahawa ya kalli wasannin Masar, ya dawo gida ransa a ɓace. Ya ce duk baƙin mutum da zai gani a akwatin nan, ko mai gadin ƙofa ne ko mai kawo shayi, kuma ba ya cewa komai sai "hadir", wato "to, an gama". Daga nan ya tara 'yan'uwanmu jikokin alhazai, teloli da direbobi da masu dako, suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, suka sa mata suna Namu da Bakinmu. Doka ɗaya gare su: ba a aro wasa. Sai sabo, wanda baƙar fata irinmu ya rubuta, a kan zamanmu na nan.

Wurin yi ne ya gagara. Ba mai ba Takari zaure, sunan da ake kiran irinmu ke nan a can. Hajja Nafisa ce kaɗai, wata Bahausar Sudan mai babban hoshi a Kurayyat, wato tsakar gida mai katanga, ta yarda su riƙa yi a nata. Ta gindaya sharaɗi tun ranar farko, cewa duk ranar da aka taɓa mutuncin gidanta, halas, magana ta ƙare, su kwashe bencunansu. Kowa ya san ba wasa take ba, kuma ba su da wani wurin.

Mata ba sa fitowa, maza ne ke yafa mayafi su maƙale murya. Mu kuma muna zaune gefe guda a kan tabarmi. A Sallar nan maigida ne da kansa ya rubuta wasan, shi ne kuma zai fito a matsayin matar da ke cikinsa. Bai taɓa gwada shi a gida ba. Ya dai roƙe ni aron zanena mai ruwan goro, na ba shi, har da goge masa.

Wasan na wata mata ce mai bin gidaje da ƙoƙon aron gishiri, ta shiga da labari ta fito da wani. Duk maganar da za ta fara sai ta dafa ƙirji ta ce ita dai ba gulma take ba. Na yi dariya har na sheƙe. Na lura mata suna juyowa suna kallona suna ƙara tuntsirewa, sai na ɗauka dariyata ce mai daɗin ji (haka nake a lokacin, ban cika zargin kaina da komai ba).

Can dai abin ya cika mini ciki. Na ga na gane wadda ake nufi, kuma ban ga amfanin ganewar da ba a faɗa ba. Na karkata wajen maƙwabciyata da niyyar raɗa. Amma ni muryata ba ta san raɗa ba, kuma daidai nan 'yan wasa suka yi shiru. Na dafa ƙirji na ce, "Ni dai ba gulma nake ba, amma wannan Hajja Nafisa ce sak."

Hannuna na kan ƙirjina, na ɗaga ido, ga maigida tsaye cikin zanena, nasa hannun a kan nasa ƙirjin, ya daskare. Sai a lokacin na ji kalmomin da suka fito daga bakina. Hajja tana kan kujera a bayana kaɗan. Ta ajiye finjalin shayinta ta ce da ni, "Ya Ummu Salihu, zanen ma nawa ne?"

Ban san yadda aka ƙarasa wasan ba. Na ja mayafi na rufe har hancina, na zauna kamar buhun gawayi. A hanyar gida maigida bai yi mini faɗa ba, ni ma ban samu bakin tambayarsa dalilin da ya sa ya kai ni kasuwa ba. Abin da ya ce kawai shi ne gobe za su je ɗebe bencuna.

Washegari na riga shi zuwa. Na durƙusa a gaban Hajja, na ce ta hukunta ni, ta bar musu hoshin. Ta bar ni a durƙushe har ta gama taunar dabinonta. Sannan ta ce hoshi yana nan, amma da sabon sharaɗi. Duk ranar da za a maimaita wasan, ni zan zauna kusa da ita a gaba, fuska a buɗe, don baƙi su kwatanta su ga ko wacece sak. Wasan kuwa ya karɓu fiye da duk wanda suka taɓa yi. Har daga Makka ake zuwa, ana nuna ni da baki.

Ƙungiyar ta yi shekaru, yara da yawa sun fara rubutu a cikinta, har Hajja ta rasu magada suka sayar da hoshin aka yi sito. Maigida bai daɗe bayan haka ba. (Dakata, 'yar nan, bari in share ido.) Har yau ina kuka in na tuna shi, domin ba a ƙara yin wanda ya saurare ni irin sauraron da ya yi mini ba, har yadda nake jan numfashi ya haddace.

Abin da na koya bai da yawa. In kika ga wata a wasa, kika ji kin san ta ƙwarai da gaske, ki riƙe bakinki tukuna. Wataƙila kullum ke kike yi mata wanka.