Kitsen Bakan Gudo

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau ma an tashi?" in ji Gudo ga kakarsa.

"Na tashi, angona. Ina zan mutu ban ga ranar da za ka harbo ko ɓera ba?"

Gudo bai yi dariya ba. Sabon bakansa na hannunsa, yanzun nan ya zaro shi daga rushi bayan ya miƙar da shi, icen da ɗuminsa. Ɗan ƙabilar Hadza mafarauta kuwa ya san in baka bai sha kitse da ɗumi ba, rana ɗaya za ta tsaga shi, yadda ta yi wa tsohon bakansa. Kwana tara ke nan bai kawo nama ba, surukarsa kuma ta ce in gobe ta wuce haka, za ta kwashe 'yarta Nija su koma zangon bakin tafkin Eyasi.

Ya kutsa bukkar kakar tasa, Wande, ya ɗauko 'yar ƙwaryar kitsen jakin dawa da ya ba ta ajiya. Ƙwarya fes, kamar an wanke.

"Ina kitsena?"

Wande ta ci gaba da dakan 'ya'yan kuka a kan dutse. Ta ce kura ce ta shigo. Ya ce wace irin kura ce ke rufe ƙwarya in ta gama? Ta ce mai tarbiyya, ba irinsa ba.

"Ni na ba kura ajiyar nama. Baki ba haƙori ko ɗaya, amma ya fi na kada ɓarna."

"Kitse ai ba ya neman haƙori. Kuma me za ka yi da shi? Bakan da ka sassaƙa ɗin nan, ko ni ba zan tono saiwa da shi ba. Kakanka da kara yake kayar da raƙumin dawa."

"Shi ya sa ya gudu lahira ya bar ki."

"Gajiya ya yi da ciyar da kai."

Ya taɓa bakan a kuncinsa. Ɗumin na tafiya, hankalinsa ya tashi sosai, muryarsa ta sauya.

"Kaka, ba wasa nake ba. Aurena ne a cikin ƙwaryar nan."

Sai ta ajiye dutsen. Ta ce jiya Nija ta dawo daga tonon saiwa tana rawar jiki, ga ciki wata bakwai, har ta zube a ƙofar bukkar nan. Ita ta dama mata kitsen da garin kuka Nija ta shanye, ta kuma roƙa kada a faɗa masa.

"Auren naka ne na zuba wa. Ko da icen za ka zauna?"

Kunya ta rufe Gudo, ya rasa inda zai sa idonsa.

Wande ta kwance ɗan tandun da ke wuyanta ta jefa masa. Ya san shi: ɓargo ne da kakin zuma, wanda take cusa wa fason dugaduganta kafin ta iya taka ƙasar rani. In babu shi, jini suke yi.

"Na ƙafarki ne."

"Tsohuwar zuma ai da ita ake magani. Shafa, kafin ya huce, malalaci."

Ya durƙusa gefen rushin, ya shafe bakan tun daga wannan kai har wancan, yana murzawa da tafin hannu. Icen ya shanye, ya yi duhu yana sheƙi.

"In ka kuskure gobe, goya ni za ka yi har damina," in ji ta.

"Na yarda, kin ci," ya ce, dariya ta ƙwace masa. "Amma goyon ƙashi ai ba nauyi."

Ya leƙa tandun. Saura abin da bai fi kan yatsa ba, tsarkiya kuma tana so. Ya ajiye bakan a ƙasa, ya jawo ƙafar tsohuwar ya ɗora a cinyarsa.