Awon Cikin Samari

A wani daji da fari ya ziyarta shekara biyu a jere, samari da 'yammata suka fara faɗuwa a hanyar rafi. Iyaye suka roƙi majalisa ta buɗe rumbun ajiya. Kura, wadda ke shugabanci, ta ce ba a buɗe rumbu kan jita-jita, sai an auna abin da matasa ke ci. Aka ɗora wa Damo aikin, don an san haƙurinsa. Aka ba shi takarda mai gurbi uku: me aka ci, sau nawa, an ƙoshi ko ba a ƙoshi ba. Aka kuma sa Hankaka ya yi shelar ranar da zai shiga kowane gida, wai don tsari.

To, a dajin nan an fi tsoron kunya da yunwa. Gidan da Damo ya fara shiga na wata Gada ce, 'yarta budurwa tana jingine da bango, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga zaure. Amma ga ƙwarya cike da wake a tsakar gida. Ya tambayi yarinyar sau nawa take ci. Ta dubi uwarta, uwar ta dubi ƙasa.

"Sau uku, Baba, har da ragi. Alhamdulillahi."

Ya rubuta. Gidan Zomo ma wake, gidan Barewa ma wake. Sai a gida na bakwai ya lura ƙwaryar tana da ɗinki a gefe, kuma ɗinkin nan ya gaishe shi tun gida na farko. Ashe ita ke riga shi shiga ta ƙofar baya, gida gida, ba mai taɓa ƙwayar wake ɗaya, don maƙwabci na jira. Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Ya juya takardar gaba da baya, bai ga gurbin ƙwarya ba.

Ranar majalisa ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, abin da aka faɗa mini na rubuta, gida arba'in sun ce sun ƙoshi. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙwarya ɗaya na gani sau arba'in, yaran nan rufin asiri suke ci. A buɗe rumbu."

Kura ta yi gyaran murya. "Malam Damo, mun aike ka awo, ka dawo mana da gani. Gani kowa na da shi. Takarda kuwa hannunka ne, ko za ka ƙaryata kanka? Ga iyayen nan a zaune. Wanda gidansa ba abinci ya ɗaga hannu."

Damo ya waiga wajen Gada. Ta gyara zama, ta kafa wa wata bishiya ido. Hannu ko ɗaya bai tashi ba.

Nan take majalisa ta gano cutar: ci sau uku ba motsa jiki. Aka bar rumbu a rufe, aka wajabta wa matasa gudun safe daga kuka zuwa rafi. 'Yar Gada ta yi kwana huɗu tana gudun, Damo bai sake ganinta ba. Kura da kanta, duk da nauyin mulki, take bin su a baya don kula da wanda ya faɗi.

Da shekara ta zagayo aka sake awo. A duk dajin, dabba ɗaya aka samu ta ƙara nauyi, kuma ba matashiya ba ce.