Gaisuwa a Tsakiyar Hawan Yashe

Ba zan taɓa mantawa da tseren keken da muka yi daga Kankia zuwa Kusada ba, ko na so in manta abokaina ba za su bari ba. Wata ƙungiyar matasa ce ta shirya shi bayan damina, aka bi da mu hanyar da ta fi hawa da gangara. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Na sayi keken tsere na gwanjo, na samo hular kwano, da wani gajeren wando mai kama jiki wanda innata ta ce kada in kuskura in shanya mata shi a tsakar gida.

Gaskiya ba kofin ne ya dame ni ba. Akwai yarinyar da nake nema a Yashe, Hajara, kuma maganar aurenta tana hannun yayan mahaifinta, Baffa Sule. An kai masa zancena ya yi gum, bai amsa ba bai hana ba. Abin da kawai ya dawo kunnena shi ne ya ce, "Wanga yaro, ban da yawo bisa keke yana da abin yi?" (Ina da shi, gyaran waya nake yi, amma wa ya tsaya yi masa bayani?) Sai na ƙudurta cewa in na ci tseren nan, ko ba komai zai san yawon nawa ba na banza ba ne.

Aka busa usur muka tashi. Ranar ƙafata ta ba ni haɗin kai, kafin mu kai dogon hawan da ke gab da Yashe na bar kowa a baya. Ina haki, cinyoyina na zafi, amma zuciyata fari tas. Har na fara tunanin yadda zan riƙe kofin a hoto.

Ina tsakiyar hawan na ɗaga kai. Ga dattawa sun shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya bakin titi, ga Baffa Sule a tsakiyarsu ya zuba mini ido.

To, kowa ya san a wajenmu ba ka wuce surukinka kana bisa keke. Sauka ake yi. Kafin in gama shawara da kaina hannuna ya riga ya matse birki. Na sauka, na jingine keken, na cire hular kwano, na tsaya kwance igiyar takalmi (wadda na ɗaure tamau da safe don kada ta ba ni matsala), sannan na tsugunna cikin wandon nan nawa ina ta jan riga ƙasa, rigar kuwa ta ƙi sauka.

"Baffa, barkanku da hantsi. An tashi lafiya?"

Sai na juya ga sauran dattawan, don ba a gaida ɗaya a bar saura. Ina cikin tambayar ya amfanin gona na ji fuuu, fuuu, kekuna na wucewa ta bayana. Wani ma har da ƙararrawa ya kaɗa mini.

Baffa ya miƙe tsaye. "Kai yaro, mi ya tsai da kai? Tun da sahe na tara mutanen ga, na ce su zo su ga mai neman ɗiyata ya wuce na hwarko. Tashi ka tahi!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zura takalmi, na haye keke, amma tashi a tsakiyar hawa ba wasa ba ne, ga ƙafar ta yi sanyi ta riƙe. Na taka, keken ya karkace. Na sake takawa, ya koma baya. Sai kawai na ji an kama sirdin. Baffa Sule ne, ya naɗe hannun babbar riga, yana tura ni sama kamar mai koya wa jikansa keke, yana cewa, "Taka, ɗan nan, taka!" Mutanen gari na ihu, samari sun ɗaga wayoyi. Hawaye ya cika mini ido, rabi na kunya, rabi na ganin tsohon nan yana haki saboda ni.

Na isa Kusada ana naɗe tabarmi. Sati guda ban leƙa Yashe ba, ko wayar Hajara na kasa ɗagawa, don na tabbata magana ta lalace. Sai ga saƙo daga Baffa wai a turo magabatana. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Tsere dai bai iya ba, amma ya san manya."

Har yau ina shiga tsere. Sai dai duk hanyar da za ta bi ta Yashe, tun ana gobe nake zuwa da doguwar riga in gaida kowa in gama.