Kwana Uku Ina Zagin Tsohuwar Kwamfutata

Jama'a, yau da kunya na zo muku. Ranar Litinin takarda ta sauko daga bene, wai duk mai neman ƙarin girma ya cike fom ta intanet ɗin ofis kafin sha biyun ranar Alhamis, ban da ta wayar hannu. Ni kuwa shekara tara ina mataki ɗaya, har kujera ta ɗauki siffata.

Na kunna Tsohuwa, kwamfutar da na gada daga wanda shi ma gadonta ya yi. Ta yi tarinta na safe, ta ce ba ta san katin sadarwarta ba. Mai buga takardu, maƙwabciyar teburina, ta ce in kira mai gyara. Na ce ina raye? Ni da na taɓa haɗa wa surukina firinta?

Ciwon dai na direba ne, 'yar manhajar da ke gabatar da kati ga kwamfuta. A intanet ake samo ta, intanet kuma ba ya shiguwa sai da ita. Na je gida na kwaso sabuwa dal a filash. Tsohuwa ta ce wannan ta kwamfutoci 'yan tsarin 64 ce, ita 'yar tsarin 32 ce. Talata na kawo ta 32, ta ce ta yi mata yarinta. Na kwance murfi, na hura ƙura, na kwafi lambar katin ina atishawa, na kuma yi wa baiwar Allah zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Laraba da yamma direba ta shida ta zauna daram, Tsohuwa ta gane katinta. Na miƙe na zaga ofis ina karɓar gaisuwar da ba wanda ya yi mini. Intanet dai shiru. Ni kuwa na riga na gaya wa matata ta fara kirana da sabon matsayi.

Alhamis da safe ina durƙushe a ƙarƙashin tebur ina jan wayar intanet ɗin da ke jone da Tsohuwa, mai shara ta shigo.

"Ranka ya daɗe, ɗaga ƙafa. Wai da wayar nan kake fama?"

Ta ja kabad gefe. Wayar da na ɗauka ta shige bango, ashe nan baya ta ƙare, an ƙulle ta a ƙusa, tsintsiya na lilo a jikinta.

"Tun ranar da Mai Girma Uban Ci Gaba ya zo yanke ƙyallen buɗe aikin intanet haka take," in ji ta. "Iya inda mai hoto zai ɗauka aka ja ta."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun Litinin. Ta ce ta ga ni ne mai ilimi. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa kowa na tambaya a intanet ban da mai share ɗakin.

Na ruga bene, inda waya ke kaiwa har bango. Layi ya kai matakala, sha biyu ta buga da mutum bakwai a gabana. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Jiya wata takardar ta sauko. Masu hangen nesa, Allah ya ƙara musu basira, sun gano cewa tsofaffin kwamfutoci ne matsalar, za a kwashe su a kawo sababbi. Na dafa Tsohuwa na ba ta haƙuri. Ita da ta warke za a jefar, ni zan shiga shekara ta goma, tsintsiya kuwa tana nan a maƙale. Ita kaɗai aikin Mai Girma ya ɗaga sama.