Matatar Hasken Don Eudoro

"Ni da rana mun gama magana," in ji Don Eudoro Barrios, yana dukan ƙirji a ƙofar kantinsa. "Yau ko saukowa ta yi ta zauna a kan kantata, ba ta isa ta hana kowa ganin ƙwallo ba."

Abokina, in ba ka san Eudoro ba, ka huta. Duk unguwarmu a Barranquilla Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, ba tare da ya taɓa leƙa ajin injiniyoyi ko ta taga ba. Fankar da ya gyara wa matarsa, Doña Nicasia, har gobe bango take yi wa fifita.

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne talabijin ɗin kantin. Da la'asar rana kan shigo ta ƙofa ta haske fuskarta, sai mai kallo ya riƙa ganin kansa maimakon 'yan wasa. Tsoho Fulgencio, shugaban 'yan domino da ke wuni a wurin suna shan kofi da giya suna cin arepa, wato wainar masara mai ƙwai, ya gaji. Ya ce in har wasan ƙungiyar ƙasa na ranar ma sanƙonsa zai kalla, shi da jama'arsa za su kwashe teburinsu su koma tsallaken titi, kantin Doña Temilda, kuma ba dawowa. Su ne kuwa ran kantin Eudoro. In suka tashi, sai dai ya riƙa sayar wa ƙudaje.

Da safe Injiniya ya faɗa kasuwa wajen masu tsofaffin kayan ofis, ya ci karo da wani faffaɗan faifan roba mai duhu-duhu, daidai fuskar talabijin ɗinsa. Mai kayan ya fara yi masa bayani cewa daga wani banki aka ciro shi, a kan kwamfuta ake sa shi don kada na gefe ya leƙa abin da ma'aikaci yake yi. Eudoro bai bari ya dire ba. Kalmar banki kawai ya ji, ya ce abin da banki ya yarda da shi ai ya wuce gwaji. 'Yan maƙalan da ake rataya faifan da su ma ya ƙi karɓa, wai wannan aikin 'yan koyo ne. Ya dawo ya malala wa gefunan gam ɗin gyaran takalmi, ya manna, ya danne, ya raɗa wa abin suna matatar haske.

Gaskiya ɗaya ce, da ya ja baya ya tsaya saitin talabijin, hoto ya fito tas. Ba rana, ba sanƙo. Bakin Injiniya har kunne.

Lokacin wasa ya yi, mutane suka cika kujerun roba dama da hagu kamar kullum, shi kuwa gogan ya tsaya a tsakiya, hannu a ƙugu, yana jiran yabo.

"Eudoro, kunna mana, an kusa take ƙwallo," in ji Fulgencio.

"A kunne take, baba. Ba ka ga ciyawa kore shar ba?"

"Murya dai muna ji. Abin da nake gani baƙi ne ƙirin, kamar gindin tukunyar Nicasia."

Na hagu suka ce su ma haka. Eudoro ya ce yanar ido ce ta kama su gaba ɗaya saboda tsufa, alhali shi ya girmi rabinsu. Sai da Wílmer direban tasi ya ja shi ta kwalar riga zuwa gefe, ya ga baƙin da idonsa, sannan ya sha jinin jikinsa. Amma sarkin cika baki bai rasa ta cewa ba. Wai ai da gangan ya yi, kallon zamani a layi ake yinsa, kamar zaman jirgin sama.

Aka jera kujeru ɗaya bayan ɗaya, tun daga gaban kanta har bakin kwata. Wílmer, wanda ƙeyarsa ta kai faɗin tire, shi ya riga kowa kama ta gaba. Sauran suka yi ta leƙe, kuma duk wanda ya karkata kai don ya kauce wa ƙeyar, sai hoton ya ɗauke masa. Fulgencio ya ce shekara da shekaru yana kallon sanƙonsa kyauta, yau kuma an yi masa canji da ƙeyar direba.

Nan zufa ta karyo wa Injiniya, sai ya ɓullo da babbar dabara. Ya sa kowa ya koma mazauninsa, ya sauke talabijin daga bango, ya hau kan akwatin lemo ya rungume ta, ya shiga juya ta dama da hagu kamar fanka, don kowane ɓangare ya sami rabonsa. Na dama su ga an ɗauko ƙwallo, na hagu su ga mai tsaron gida yana gyara safa. Ana ta ihun "juyo nan", shi kuwa yana nishi yana cewa a yi haƙuri da kimiyya.

Daidai lokacin da ya zarce da juyi, fuskar talabijin ta kalli buhunan shinkafa, mai sharhi ya ɓarke da dogon ihun nan da kowa ya sani. An ci. Tsallaken titi ya kaure da sowa, motoci suka hau oda. A kantin Eudoro kuwa, kyanwar da ke kwance a kan buhu ce kaɗai ta ga ƙwallon, ita ma hamma ta yi.

Ya dire talabijin a kan kanta, ya ce yanzu-yanzu zai ɓare faifan. Ya sa farce, farce ya karye. Ya sa wuƙar yanka cuku, wuƙa ta lanƙwashe. Gam ɗin nan, a duk ayyukan Injiniya, shi kaɗai ne ya taɓa kamawa.

Fulgencio bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Eudoro ciwo. Ya tattara 'ya'yan domino ya zuba a aljihu, mutum biyu suka ɗauki tebur, aka tsallaka titi a jere. Doña Nicasia da ke soya arepar da ba mai ci ta kashe wuta, ta dubi mijinta. Wallahi ni kaina a lokacin ya ba ni tausayi.

Ana hutun rabin lokaci sai ga Doña Temilda ta tsallako, tana share hannu da gefen siket. Eudoro ya miƙe ya gyara riga, a zatonsa ta zo ganin fasaha. Ta gaida Nicasia, ta tsaya saitin talabijin ta ce lallai hoto ya yi kyau. Sannan ta ce mutane sun yi mata yawa, wasu a tsaye suke, ko maƙwabci zai ara mata kujeru.

"Guda nawa?" in ji Injiniya.

"Duka, maƙwabci," ta ce, tana jera su bisa juna. "Zan bar maka ɗaya. Ai talabijin ɗinka ba ta buƙatar fiye da haka."