Baƙon da Ke Awon Tuwo da Kofin Shayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Murtala a Anka ba, ko da kuwa na yi niyyar mantawa, don 'yan uwa ba za su bar ni ba. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Bukkuyum, ina ji da kaina ƙwarai. (Mutum ya iya zana hanji a allo da alli kala uku, ai dole ya riƙa tafiya yana buɗe kafaɗa.)

An gama ɗaurin aure muka zauna cin abinci a rumfa. Ga tuwon shinkafa da miyar taushe, ga masa, ga naman rago zuƙu-zuƙu. Na samu wuri kusa da wani dattijo siriri, mai farin gemu da tabarau, babbar rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Na gaishe shi, ya amsa can ƙasa-ƙasa.

Kowa ya naɗe hannun riga, shi kuwa sai ya laluba aljihu ya fito da ɗan kofin shayi da ƙaramin cokali. Ya tsinci nama kaɗan ya yayyaga shi, ya ɗebi tuwon da bai kai ƙwai ba, ya zuba a kofin. Ya fara ci, loma ɗaya sai ya tauna ta kamar yana jiran ta ba shi haƙuri. Aka miƙa masa lemon kwalba, ya girgiza kai. Ruwa ma ya ƙi.

Tausayinsa ya kama ni. Na ɗauka kunya ce irin ta baƙo. Na jawo tire gabansa na ce, "Baba, ka ci abinci mana! Wannan ai ko kaza aka ba sai ta yi ƙara."

Murmushi kawai ya yi. Da na tsaya nan da na tsira, amma ina! Na ga mutane sun juyo suna saurare, sai bakina ya buɗe.

Na ce, "Ni da kuke gani ina da kawu a Gummi, Alhaji Sahabi, ɗan uwan Innarmu, mai fataucin hatsi. Da shi ne a nan, wallahi tiren nan buɗa-baki ne." Na ba su labarin yadda yake cinye cinyar rago shi kaɗai, ya kora da ƙwaryar fura. Na miƙe tsaye har na gwada musu tafiyarsa, ina rangaji ina haki. Aka yi ta dariya. Dattijon ma ya dara, har yana share ƙwalla, abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ke nan.

Na zauna na gyara murya irin ta aji. Na ce, "Shekara biyu rabona da shi. An ce ciwon suga ya matsa masa, 'ya'yansa suka kai shi Misira aka rage masa ciki. To ni malamin kimiyya ne, na san abin. Tumbi kamar roba yake. Kuma na san kawuna. Wata uku ya yi yawa, zai buɗa abinsa ya koma gidan jiya."

Ban rufe baki ba sai ga mahaifin ango ya shigo rumfar yana gaisawa da jama'a. Ya zo kanmu ya kama hannun dattijon da hannu biyu ya ce, "Alhaji Sahabi, an gode da tahowa tun daga Gummi. Ashe ka gamu da ɗanka malamin makaranta."

Lomar da ke hannuna ta tsaya tsakanin tire da baki. Dattijon ya zare tabarau, sai ga idanun Kawu, su ɗin dai, a fuskar da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Ƙyale shi ya ƙarasa, Alhaji. Bai kai wurin da nak karya kujerar liman ba."

Rumfa ta ɗauki dariya, har da masu faɗuwa kan tabarma. Na durƙusa ina "Kawu, don Allah, Kawu," ban ma san me nake roƙo ba. Ya dafa kaina ya ce, "Zamna, ɗan Inna. Gaskiya kaf faɗi, rabi dai."

Sai ya shiga yi mana bayani, ni malamin kimiyya na koma ɗalibi. Ya ce likitoci sun keɓe wata 'yar jaka a saman tumbinsa, girmanta kamar ƙwai, suka haɗa ta da hanji kai tsaye, abinci ya daina bi ta sauran tumbin. Ta ƙananan huji suka yi aikin, ba su ma tsaga shi ba. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah!" Ni kaina abin da ke bakina ke nan, duk da zanen da nake yi a allo.

Ya ɗaga kofin ya ce, "Amma likita ya ce mani aikinsu rabi na, sauran nawa na. Jakag ga tana buɗewa in ana cusa mata, yau kaɗan gobe kaɗan, kamar sabon takalmi. Can asibiti na ga wani da anka yi wa shekara uku baya, ya dawo da ƙibatai duka, yana kuka. Shi ya sa ni da kofin ga ba mu rabuwa."

Ya ce ba ya haɗa ci da sha, sai ya jira rabin awa. Zaƙi kuwa in ya sha, zufa da jiri ne za su kayar da shi. Ga magungunan ƙarin jini da zai sha har ƙarshen rayuwa. Wani ya tambaye shi ko ba ya kwaɗayi. Ya dubi naman da ke gabanmu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kullum. Ido bai san an yi aiki ba. Amma shekara shidda ina salla bisa kujera. Yanzu goshina na taɓa ƙasa."

Da aka kira la'asar na tsaya a sahu bayansa. Na ga ya sunkuya, ya yi sujada, ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba. Mutumin da a da sai mutum biyu sun kama shi zai fita daga mota. (Ko raka'a nawa muka yi, sai dai ku tambayi liman.)

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da a Misira suna rage baki, da na sai da awakina na kai ka."

Kawu ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, jakarsa ba ta buɗe ba. Ni kuwa tun daga ranar, duk taron da na je, kafin in ba da labarin kowa sai na tambayi na kusa da ni sunansa, da garinsu, da sunan kakansa.